Ranar da Idon Kuhdara Ya Yi Yaji

A zamanin da mayaƙan Makadoniya suka karya daular Farisa suka tattake biranenta, an yi wani gari a gindin duwatsu mai suna Kuhdara, wanda idon ruwansa ya yi fushi, ya tashi ya bar gari da rana tsaka kowa na kallo.

Farisawa suna da wata al'ada tun kaka da kakanni. Idan gari ya miƙa wuya ga wanda ya fi shi ƙarfi, dattawa sukan kai masa ƙasa a akushi da ruwa daga idon ruwansu a tulu. Shi kuwa sai ya taɓa su da hannu, ya mayar da ƙasar inda aka ɗebo ta, ya juye ruwan cikin idon. Nufinsu shi ne sarauta ta zama tasa, amma sha da noma na masu gari ne. Ko ɗan goye a Farisa ya san wannan. Makadonawa kuwa, masu askakkiyar haɓa da mashi mai tsawon gwangwala, in ka ɗauke sara da suka ba su san komai ba.

Wanda aka ba rundunar da ta zo Kuhdara wani jarumi ne mai suna Lisanor, dogo, jajir, mai ji da kansa. Ya iso da ƙishi kamar zai haɗiye harshe. Da babban dattijon gari, tsoho Bagadata, ya miƙa masa tulu, sai gogan naka ya ɗauka ruwan maraba ne. Ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ya ga gindin tulun. Ya share baki ya ce, "Madalla! Ashe kun iya karɓar baƙo." Ya dubi akushin ƙasa, ya rasa abin da ake yi da ita, ya kifar a gefe. Ƙasa dai ta koma gida, ko da wulaƙanci ne. Ruwa kuwa ya tafi cikin baƙo.

Bagadata ya ɗora hannu a ka. Kafin ya buɗe baki sai aka ji idon ruwan yana tafarfasa. Ruwan ya taru wuri ɗaya, ya miƙe tsaye, ya zama wata tsohuwa wadda ake hango duwatsu ta cikin jikinta, ƙananan kifaye na iyo a zanenta. Ta dubi gari ta ce, "Tun ba a aza tubalin farko a nan ba nake shayar da ku. Yau an ɗebe ni an ba baƙo, baƙo bai mayar ba. Ku zauna lafiya." Ta juya ta nufi gabas, ba ta waiwaya ba.

Ba a daɗe ba rijiyoyi suka bi sahunta. Itatuwan rumman suka zubar da ganye, awaki suka daina kuka, nonon mata ya ƙafe, aka fara haƙa ƙananan kaburbura a bayan ganuwa.

To, a garin akwai wata mace mai suna Farnabanu, matar Wishtana shugaban mahayan Kuhdara, wanda ya tafi babban yaƙi bai dawo ba. Mace ce da ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba, kuma ta iya doki da baka fiye da maza da yawa da na sani. Ta ɗaura sirdi, ta shiga sansanin Makadonawa ba sallama, ta tsaya a gaban Lisanor ba ta sauka ba.

Ta ce, "Bamakadone, ka cinye gari, mun ji. Amma ka shanye shi, wannan ba za mu yarda ba. Tashi mu bi ta."

Ya ce, "Uwargida, kin san da wa kike magana?"

Ta ce, "Na sani. Da tulunmu nake magana."

Mayaƙansa suka kai hannu ga takubba, ya hana su. Gaskiyar ita ce shi ma ya sha jinin jikinsa. Tun ranar da ya sha ruwan nan bai sake jin ƙishi ba, kuma kullum yana jin wani abu a ƙirjinsa yana jansa gabas kamar akuya a igiya. Ga mutanensa su ma leɓɓansu sun tsattsage. Ya sa aka kawo masa doki. Suka fita su biyu, shi a gaba domin ruwan cikinsa ne ya san hanya, ita a baya da kibiya a kan tsarkiya.

Suka wuce gonaki, suka wuce makiyaya, suka shiga hamadar gishiri inda ƙasa take fara sol, sawun doki ba ya zama. Can suka tarar da wani kurmi, amma ba na itatuwa ba. Duk mashin da aka yar a yaƙin Farisa nan ya zo ya yi saiwa, ya tsiro, tsininsa a sama. A bakin kurmin wani aljani na zaune, kansa na mikiya, ƙafafunsa na raƙumi.

Ya ce, "Ya ku 'yan Adam, wannan kurmi ya ƙoshi da ƙarfe. Mai makami ba ya ratsa shi."

Farnabanu ta cire baka da kwari ta rataye a wuyan dokinta, ta sauka. Lisanor ya yi dariya ya ce, "Takobin nan ya sha jinin sarakuna. Ba tsuntsun da zai raba ni da shi." Ya kutsa kai. Nan take mashi ya sunkuyo ta dama, wani ta hagu, suka yi ta tsikarinsa a cinya da gadon baya, yana tsalle kamar wanda ya taka garwashi. Ya fito da gudu, riga ta zama tsumma.

Farnabanu ta ce, "Ka kula da fatar nan. In ka huje, ruwanmu ne zai zube."

Ya kwance takobin yana huci, ya miƙa wa aljanin. Suka bar dawakai a wurinsa suka ratsa kurmin da ƙafa, ko ƙwarzane ba su samu ba.

Bayan kurmin sai wani kwari mai faɗi. Rana na tsakiyar ka, amma kwarin cike yake da ƙura da haniniya. Matattun yaƙi ne, na Farisa da na Makadoniya, har yanzu suna gwabzawa, ba wanda ya gaya musu an gama. Takobi yana ratsa mutum kamar hayaƙi, ya faɗi, ya tashi, ya sake ja daga. Suna tsakiyar wucewa sai wani mahayi ya fito daga cikin ƙurar a kan baƙin doki. Farnabanu ta gane rawanin kafin ta gane fuskar. Mijinta ne, Wishtana.

Ya ce, "Farnabanu, ke ce kike tafiya a bayan wannan? Rundunarsa ce ta kewaye mu a bakin kogi. Ga shi ba takobi, ga dutse a gabanki. Me kike jira?"

Ta dubi dutsen. Ba zan ɓoye muku ba, ta so ta ɗauka, ta so ƙwarai. Lisanor bai gudu ba, bai kuma roƙe ta ba, ya tsaya ƙyam yana kallonta. Hawaye ya zubo mata, ita da ba a taɓa ganin kukanta ba ko ranar da aka kawo labarin mutuwar mijin.

Ta ce, "Maigida, kai ka mutu domin Kuhdara ta rayu. In na fasa kan wannan, na fasa ruwan Kuhdara a hamada. Ka yi mini haƙuri."

Wishtana ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ɗaga mashinsa sama, irin gaisuwar da mahaya ke yi wa na gaba da su, ya juya ya koma cikin ƙura. Ita da Lisanor suka ci gaba da tafiya har suka fita daga kwarin.

Daga nan ƙasa ta fara gangara, gishiri ya koma baƙin dutse, suka ji sanyi na busowa daga ƙasa. Suka iske wata ƙofa a jikin dutse, gajeriya, ba ta wuce gwiwar mutum ba. Mai gadinta wani ƙaton kunkuru ne mai gemu har ƙasa.

Ya ce, "Wannan ƙofar Birnin Idanu ce, fadar Sarauniya Barana, uwar duk ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Ruwa ba ya shiga wuri sai ya yi ƙasa. Haka ma baƙonsa."

Farnabanu ta durƙusa ta sunkuyar da kai ta shige, don a Farisa sunkuya wa babba ba abin kunya ba ne. Lisanor ya tsaya yana zagaye ƙofar. A ƙasarsu mutum ba ya sunkuya wa mutum, ko sarki ne, balle aljana. Ya yi tunani, ya yi tunani, sai ya kwanta rigingine, ya tura ƙafafu gaba, ya ja gindi ya shiga, hancinsa na kallon sama. Kunkuru ya yi dariya har gemunsa na share ƙasa. Ya ce, "Na ga masu girman kai iri-iri, amma yau na ga wanda ya gwammace jan gindi da sunkuyawa."

Abin da suka gani a ciki ya fi ƙarfin baki. Birni ne a ƙarƙashin hamada, ganuwarsa ruwa ce a tsaye, titunansa farin yashi, haskensa daga wasu kifaye da ke shawagi a sama kamar fitilu. A kowace ƙofa akwai mai zama: tsofaffi, 'yan mata, jarirai, duk jikinsu garai-garai. Waɗannan su ne idanun ruwan da suka gudo daga garuruwan da yaƙi ya ci. Wata an jefa mata gawa, wani an cika shi da toka, wata dawakin baƙi sun yi mata fitsari. Suna zaune jugum-jugum kamar 'yan gudun hijira. Da Lisanor ya wuce sai suka riƙa kawar da kai, kuma a karon farko ya rasa inda zai sa idonsa.

Sarauniya Barana na zaune a kan wata ƙatuwar ƙwarya ta azurfa, gashinta na kwarara ƙasa yana zama rafi. A gefen ƙafarta tsohuwar Kuhdara ce, ta juya musu ƙeya.

Farnabanu ta faɗi ta yi gaisuwa. Ta ce, "Ranki ya daɗe, uwar masu shayarwa. Na zo biko. Yaranmu na mutuwa."

Sarauniya ta ce, "Na san abin da ya kawo ki, 'yar Farisa. Shari'ar gajeriya ce. Tun farkon zamani akwai alkawari tsakaninmu da mutanenki: ba ma sa ku rantsuwa, domin ba ku yi mana ƙarya. Abin da kika faɗa a nan shi ne hukunci. Tambaya ɗaya zan yi miki. Ruwan da ke cikin mutumin nan, ba shi aka yi, ko ƙwata ya yi? In ƙwata ya yi, yanzu zan sa a matse shi kamar tsumma har ɗigon ƙarshe, ki koma da tsohuwarki yau, shi kuma a jefa abin da ya rage a hamada. In kuwa ba shi aka yi, to idon nasa ne, inda ya nufa nan za ta bi."

Lisanor ya ga wasu ƙarti biyu masu hannuwa kamar kututturen dabino sun matso bayansa. Ya san ba mai tambayarsa, ya kuma san abin da shi zai faɗa da shi ne a matsayinta.

Farnabanu ta auna abin da ke gabanta. Kalma ɗaya ce tsakaninta da ruwa, kuma kalmar nan za ta biya mata jinin Wishtana a lokaci ɗaya. Wa zai ƙaryata ta? Ai da mashi suka zo, ba da goron gayyata ba. Amma tana wurin ranar da abin ya faru. Da idonta ta ga Bagadata ya miƙa tulun da hannu biyu.

Ta ɗaga kai ta ce, "Ranki ya daɗe, garin ƙwata ya yi. Amma ruwan ba shi muka yi. Dattijonmu ne ya miƙa masa, ba wanda ya fizga. Bai san al'ada ba, mu kuma ba mu gaya masa ba."

Tsohuwar Kuhdara ta juyo a karon farko ta dube ta.

Sarauniya ta ce, "Kin san abin da kika yi? Kin ba shi idon."

Ta ce, "Na sani. Sun ƙone fadar sarakunanmu, sun kwashe taskokinmu, sun kashe mazanmu. Abin da ya rage mana shi ne in ɗan Farisa ya yi magana ba a ce masa rantse. Wannan ba su iya ƙwata ba, ni kuma ba zan miƙa musu shi a tulu ba."

Sarauniya ta juya ga Lisanor. Ta ce, "Kai baƙo mai shiga fada da ƙafafu, saurara. Ruwan da ka sha ya zama jininka, ba ya fita sai da ranka. Idon Kuhdara naka ne, za ta zauna inda ka zauna. In ka koma ƙasarku za ta bi ka, ta ɓuɓɓugo a ƙofar gidan ubanka, zuriyarka ba za ta san fari ba har abada. In kuwa kana so ta koma Kuhdara, to kai ma can za ka zauna. Ba za ka yi nisan da kunnenka zai daina jin ƙararta ba, har ka mutu a binne ka a gefenta. Zaɓi."

Lisanor ya tuna baya. Shekara da shekaru yana yaƙi, ba abin da ke riƙe da shi sai tunanin gida: wani ƙauye a kan tudu mai itatuwan zaitun, da mahaifiyarsa, tsohuwar da ta raka shi bakin hanya ta ce ba za ta mutu ba sai ya dawo. Ƙauyen nan kuwa da jaki ake ɗebo masa ruwa daga nesa. Ya ga kansa yana shiga gida da idon ruwa a bayansa, ya ji irin guɗar da za a yi.

Ya dubi Farnabanu. Ya jira ta roƙe shi. Da ta roƙa, ina jin da ya sami abin da zai fake da shi ya ƙi. Amma ko kallonsa ba ta yi ba. Ta tsaya kai a miƙe, leɓɓanta a tsage da ƙishi, tana jiran hukunci kamar ita ce mai yanke shi.

Ya ce, "Uwargida, me ya sa ba ki ce ƙwata na yi ba?"

Ta ce, "Ba domin kai ba ne. Kada ka ɗauka."

Wannan magana ta fi tsinin mashin kurmi shigarsa. Ya juya ga Sarauniya ya ce, "Na ci garuruwa da yawa, ban taɓa tsayawa a gaban wanda ya fi ni ba sai yau, kuma ba shi da ko wuƙa. Ba za a ce a Makadoniya ɗansu ya karɓi ransa kyauta daga hannun mace, sannan ya sace mata ruwa ya gudu ba. Tsohuwa ta koma gidanta. Zan zauna."

Sarauniya ta tafa hannu sau ɗaya. Ruwa ya ɗauke su, ya bi da su ta ƙarƙashin kwari da kurmi da hamada, ya fito da su a tsakiyar Kuhdara, a cikin idon da ya bushe, ga dawakansu da makamansu a gefe. Ruwa ya yi tsiri sama ya fi dabino, ya zubo kan rufin gidaje. Mata suka fito da tukwane da ƙore, wasu da tafin hannu kawai. Tsoho Bagadata ya zauna a cikin taɓo yana kuka yana dariya.

Ba a jima ba labari ya zo cewa babban sarkin Makadonawa ya mutu a wani birni mai nisa, manyan jarumansa sun fara yagar daular kamar kuraye a kan mushe. Rundunar da ke Kuhdara ta ɗaure kaya za ta koma yamma. Suka kawo wa Lisanor dokinsa da sirdi. Ya hau ya raka su. Suka fita ƙofar gari, suka haura tudun da ke yamma, yana tafe yana kasa kunne. Da suka kai wani dutse a kan tudun, inda ƙarar idon ta koma kamar raɗa, sai ya ja linzami.

Mataimakinsa ya ce, "Shugaba, ba mai ganinka. Ka sa ƙaimi kawai. Me za mu gaya wa tsohuwarka?"

Ya ce, "Ku gaya mata ɗanta na nan da rai, kuma bai ci amana ba. Ku ce kada ta jira."

Ya tsaya a nan har ƙurarsu ta ɓace. Da ya juyo sai ya ga Farnabanu a kan dokinta a ƙasan tudun. Ta biyo shi, baka a hannu, kibiya a kan tsarkiya. Ya dubi bakan, ya dube ta.

Ya ce, "Da na wuce dutsen fa?"

Ta ce, "Da na harbi dokin, na jawo ka da igiya."

Ta mayar da kibiyar cikin kwari. Ba ta yafe masa jinin mijinta ba, ba a ranar ba, ba kuma daga baya ba, kuma ba ta taɓa ɓoye masa hakan ba. Amma da suka iso ƙofar gari, inda jama'a suka taru suna jira su ga ko ruwa zai sake tashi, sai ta ja dokinta gefe ta ba shi hanya. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji ta ce, "Ku matsa masa. Mutumin Kuhdara ne zai shiga gida."